Gurup ya cika, fili babu kowa: ina matsalar take?

Ɗan_Bagalam:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san harkar tara mutane. Yau kusan kowace unguwa a Maraɗi tana da gurup ɗin WhatsApp, wata ma biyu ko uku. In aka sa kira a fito yashe magudana kafin damina, ko a raka wakilai ma'aikatar magajin gari, nan take babban yatsa da "in sha Allah" za su cika waya. Ranar taron kuma waɗanda suka zo ba su cika tabarma biyu ba. Alhali a 2005, lokacin gwagwarmayar tsadar rayuwa kan harajin kashi 19 da aka ɗora wa kayan masarufi, babu mai WhatsApp, amma aka rufe kasuwanni a manyan garuruwan ƙasar nan tamu Nijar har gwamnati ta sassauta. To intanet ƙarfi ya ƙara mana ko rage mana ya yi? In kuwa laifin tsarinmu ne, yaya ake gyarawa?

Malamin_Lakwal:
Wa alaikumus salam. Abin da ya tashi 2005 ba saƙo ba ne kaɗai. Akwai ƙungiyoyin ƙwadago, akwai 'yan kasuwa da shugabanninsu, akwai ɗalibai, ga gidajen rediyo masu zaman kansu suna maimaita kiran da Hausa. Kowane rukuni yana da wanda zai bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tako har ƙofar shagonka ya ce gobe kar ka buɗe, za ka ji nauyin haɗa ido da shi in ka saɓa. Babban yatsan da ka danna cikin mutum ɗari huɗu kuwa ba wanda zai tambaye ka shi. Waya ta sauƙaƙa isar da kira, amma nauyin amsa kiran har yanzu mutum ne ke ɗora shi a kan mutum.

Mai_Tsara_Taro:
Malam ya faɗi tushen. Ga yadda ake ɗora wannan nauyin ta waya.

A mayar da babban gurup na sanarwa kawai, a kulle shi ta yadda admin kaɗai ke iya turawa. Sai a yanka unguwa layi-layi, ko fada-fada, kowane ƙaramin gurup mutum 20 zuwa 30, da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakinsu, wanda ya san gidan kowa. Kira sau uku ake yi: saura mako, saura kwana biyu, da daren da za a wayi gari. Na ukun ba a gurup ake yin shi ba, buga waya ake yi ko a taka. Kuma sunaye ake ƙirgawa a takarda, ba yatsu ba. Mai layi ya kawo "mutum 12 sun ce mini za su zo, ga sunayensu".

Saƙon kiran ya ƙunshi abu biyar: me ake nema, ina za a haɗu, yaushe, wa ya yi kiran, minti nawa za a ɗauka. Lokacin a ɗaura shi da salla, "bayan La'asar ƙofar makarantar unguwa" ya fi "ƙarfe 4" kama hankali. Inda aka fi faɗuwa shi ne na farkon. "Mu fito don ci gaban unguwa" ba ya tayar da kowa. "A buɗe kwalbatin da ya toshe kafin ruwan farko" yana tayar da duk wanda ruwa ya taɓa shiga ɗakinsa.

Injiniyan_Rezo:
Ƙarin bayani kan iyakokin manhajar, don da yawa suna zaton saƙonsu ya tafi alhali bai je ba. Gurup ba ya wuce mutum 1024. Tun 2019 ba a tura saƙo ɗaya zuwa fiye da wuri biyar a lokaci guda, kuma tun 2020 wanda ya riga ya sha yawo, mai alamar kibiya biyu, wuri ɗaya kawai yake tafiya. Jerin aikewa na bai ɗaya yana ɗaukar lamba 256, sai dai duk wanda bai ajiye lambarka a wayarsa ba, saƙon ba ya isa gare shi, kuma ba za a sanar da kai ba. Don haka matakin farko shi ne kowa ya ajiye lambar mai sanarwa.

Na biyu, kar a kwashi lambobin mutane a zuba su gurup ba da saninsu ba. In da yawa suka kai ƙarar lambar, kamfanin zai rufe ta. Haka masu amfani da GB WhatsApp, wato kwaikwayon manhajar da ba na kamfanin ba, da ire-irensa, ana rufe musu layi ba gargaɗi. Lambar admin ta zauna kan manhaja ta asali.

Na uku, mega. Muryar minti ɗaya ba ta kai rabin mega ba, bidiyon minti ɗaya kuwa yana iya cin ninkinta sau goma ko fiye. Mai sayen fofe na kwana ɗaya ya kashe saukewa ta kai tsaye, bidiyonka yana nan da'ira tana juyawa bai buɗe ba.

Dogo_Kabu_Kabu:
Murya dai, murya. Kuma kar ta wuce minti ɗaya. Mai kabu-kabu a bakin tasha ba ya tsayawa ya karanta dogon rubutu da Faransanci. Mai magana ya fara da sunansa da unguwarsa da ranar da yake maganar.

Hajiya_Mokoyo:
Ɗan_Bagalam, ɗana, ƙirgan naku tun farko da gyara. Lambobin da ke gurup ɗin unguwa galibi na maza ne. Mata da dama ba su da babbar waya, wasu ta maigida ce ake ara musu da dare, wasu ƙaramar salula ce ta kira kawai. Alhali maganar ruwa, asibiti, makaranta da shara su ta fi dama. In ana son mata, ta inda suke haɗuwa ake bi: asusu, Islamiyya, da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda a jihar nan tamu ƙungiyar agaji ta CARE ta fara su a 1991 kafin tsarin ya bazu ƙasashe. Waɗannan suna zama kowane mako, suna da shugaba da ma'aji da mai rubutu, sun saba da tara kuɗi da yin hisabi. Abin da ake yi, a tura wa shugabar saƙon murya, ita kuma ta kunna shi da ƙarfi a tsakiyar zama, a tattauna, ta maido da amsa. Saƙo ɗaya ya isa ga mace ashirin da 'yan kai, kuma an ji shi daga hannun wadda aka yarda da ita. Sannan a kula da lokaci. Taron safe ko na dab da Magariba, mace mai girki ba ta zuwa.

Mai_Tsara_Taro:
Gaskiya ne Hajiya. Ƙari a kai, kar a haɗa lambobin mata a babban gurup sai da izininsu, don kowa a ciki yana ganin lambar kowa, daga nan damuwa da kiran dare ke farawa, sai su fice gaba ɗaya.

Matashin_Zariya:
Ni ina ganin ana rage wa intanet daraja a nan. Wa ya tara matasan Nijeriya a EndSARS, zanga-zangar neman rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, cikin Oktoba 2020? Babu jam'iyya, babu ƙungiyar ƙwadago, amma cikin kwanaki gwamnati ta sanar da rushe rundunar. A nan gida, ambaliyar ƙarshen Agustan 2024 da ta yi ɓarna a Maraɗi, ta waya hotunan gidajen da suka rushe suka isa ga 'yan'uwa a Yamai da Kano da Libiya da Aljeriya, ta kamfanonin aika kuɗi Nita da Amana gudummawa ta riƙa shigowa. A zaɓen 2020 wakilan 'yan takara sun riƙa ɗaukar hoton takardar sakamakon rumfa suna turawa tun kafin akwati ya bar wurin. Wannan duk da can babu shi. Talaka bai taɓa samun abin da zai nuna hujja da shi kamar kyamarar waya ba.

Malamin_Lakwal:
Ƙanena ba wanda ya musa. Amma dubi misalan naka. Gudummawar ambaliya tsakanin dangi da 'yan gari ɗaya ta gudana, wato amana ta riga waya. Hoton takardar sakamako kuma sai da aka sami mutum ya wuni a rumfa tun safe har aka gama ƙirga. EndSARS ta yi ƙarfin tashi, amma da aka zo zama teburi sai aka rasa wanda zai yi magana da yawun kowa, bayan harbin masu zanga-zanga a Lekki, cikin Legas, ran 20 ga Oktoba kuma tafiyar ta watse. Dubi zaɓen shugaban Nijeriya na 2023: Peter Obi ya fi kowa amo a Twitter, na uku ya zo. Ya yi abin mamaki a Legas da Abuja inda masu wayar suke, amma a ƙauyukan arewa ba shi da wakilai a rumfuna da yawa.

Matashin_Zariya:
Na uku da ƙuri'a sama da miliyan 6, a jam'iyyar da ba ta da gwamna ko ɗaya lokacin. Wannan ai hujjata ce Malam, ba taka ba.

Baƙauye_Madarunfa:
Duk maganarku ta cikin birni ce. A ƙauye saƙo ba ta intanet yake ƙarasa tafiyarsa ba. Mutum ɗaya ke sauke shi inda rezo ke da ƙarfi, ko ranar kasuwa, sannan ya bazu ta Xender da Bluetooth, ko a zuba shi a katin memori wurin mai cajin waya da hasken rana. Don haka mai shagon caji ya fi admin goma muhimmanci, shi za a fara samu. Abin da ke lalacewa: saƙon yakan isa bayan kwana uku ko huɗu, in mai magana ya ce "gobe" sai a ruɗe. A faɗi ranar da sunanta, "Laraba mai zuwa, 12 ga wata". Na biyu, mutanen Ɗan Isa da sauran garuruwan bakin iyaka suna riƙe sim biyu, na nan da na Nijeriya, suna canza lamba akai-akai, jerin da aka rubuta bara rabinsa ya mutu. A sabunta shi duk wata uku. Na uku, da damina kar a kira taron rana, kowa yana gona.

Ma'aikacin_FM:
Rediyo na nan daram. Sanarwa a tasha irin Anfani ko rediyon karkara tana isa inda mega ba ya zuwa, kuma mutane sun fi gaskata abin da suka ji an karanta a rediyo. Dabarar da ke aiki ita ce a haɗa biyun: a sa wakilin unguwa ya shiga shirin kiran waya, a naɗi minti ɗaya mafi ma'ana, a watsa shi a gurup. Wanda ya ji a waya ya san an faɗe shi a bainar jama'a, ba a ɓoye ba.

Injiniyan_Rezo:
Akwai wanda ba a taɓo ba, ranar da za a wayi gari babu intanet ɗin. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a nan Nijar a Fabrairun 2021 an katse intanet na salula kusan kwana goma. VPN ba ya magani a irin wannan, don shi kewaye shinge yake yi, kamar lokacin da Nijeriya ta toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. In an rufe hanyar daga tushe babu abin kewayewa. Kira da SMS su ne suka rage. Haka a Agustan 2023 da Nijeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana, matsalar ta koma ta caji. Duk ƙungiyar da ke son ɗorewa ta ajiye jerin lambobi a littafi, ta tsara sarƙar kira, mutum ɗaya ya kira biyar, kowanne cikinsu ya kira biyar, hawa uku an isa ga 155. A kuma tsayar da wurin haɗuwa da rana tabbatacciya a wata, wadda ba ta buƙatar sanarwa.

Masanin_Doka:
Jama'a a san ƙasar da ake takawa. Dokar laifukan intanet ta fito a 2019. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, a Yunin 2024 aka maido shi: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Wanda ya tura abin da wani ya rubuta shi ma ya yaɗa. An rushe majalisun kwamin-kwamin a Afrilun 2024 aka naɗa shugabannin riƙo, an kuma rushe jam'iyyu a Maris 2025. Ke nan yau babu kansilan unguwa da za a kai wa kuka, kai tsaye ga shugaban riƙo ko ma'aikatar da abin ya shafa ake rubutawa.

Shawara: a rubuta abin da ido ya gani, da wuri da rana da hoto. "Famfon layin kaza kwana tara babu ruwa" hujja ce. "Wane ɓarawo ne" ƙara ce ke jiran ka. Kar a ruɗu da cewa saƙon WhatsApp a rufe yake, rufin bai hana ɗan gurup ɗaukar hoton allo ba, kuma ta nan shari'a kan taso. Admin yana da ikon goge saƙon kowa, ya yi amfani da shi da wuri. Taro a kan titi yana buƙatar takardar sanarwa ga hukuma kwanaki kafin ranar, ɗauke da sunayen masu kira. Zama cikin gida ko tura wakilai biyar da wasiƙa ya fi sauƙi, kuma sau da yawa ya fi biyan buƙata.

Bagobirin_Tsibiri:
Wannan ne ma ya sa wasu ba su fitowa, Ɗan_Bagalam. Ba lalaci ba ne kullum. Mutum bai san wa ke bayan kiran ba, bai san ko an sanar da hukuma ba, yana da iyali. In kiran ya fayyace waɗannan tun farko, tsoro ya ragu.

Dattijon_Maradawa:
'Ya'yana, tara jama'a ba yau aka fara ba. Zamanin Kunce samariya ke wannan aiki, kowace unguwa da sarkin samarinta, ana gayya a gina aji ko a gyara hanya. Kiran yana bi ta mai unguwa, mai shela ya zaga, liman ya maimaita bayan salla. Waɗannan ƙofofin har yau suna nan. Duk kiran da mai unguwa ya fara ji a bakin yara a waya, zai ɗauka an raina shi, kuma kalma ɗaya daga gare shi ta isa ta zaunar da magidanta. Ku je ku same shi kafin ku tura, ku nemi ya yi muryar da kansa ko ya ba da izini a ambaci sunansa.

'Yar_Jami'a:
Baba, da girmamawa, wani lokacin ƙofar ce ke rufewa. Akwai matsalar da manya ba su son a taɓa, kamar filin makaranta da aka yanka ko rabon tallafi da aka yi son kai. A nan ne waya ke da amfani, don tana ba wanda ba a ba shi baki a zaure damar magana. A sanar da su, na yarda. Amma sanarwa daban, neman izini daban.

Dattijon_Maradawa:
'Yata, na ji. Sai dai maganar da aka fara da gaisuwa ta fi nisa, ko da ba a amince ba.

Ma'aikacin_FM:
Bari in sako jita-jita, don ita ke cinye amanar gurup. Yankinmu na fama da 'yan bindiga ta wajen Madarunfa da Gidan Runji, shi ya sa duk bidiyon hari ake saurin gaskatawa, alhali wani daga Zamfara ne ko Burkina, wani ya shekara uku. Kafin a tura: wa ya ɗauka, ina, yaushe? A dubi lambar mota, kakin jami'ai, karin harshen masu magana, da ko ciyawa ɗanya ce alhali ana rani. A ɗauki hoton allo a saka a Google Lens, manhajar binciken hoto, sau da yawa tsohon zai fito. A kira mutum biyu na garin da ba gida ɗaya suke ba. In ƙarya ta riga ta shiga, gyaran ya zo da irin sifarta, murya ta gyara murya, a gurup ɗin da ta bi, daga bakin wanda aka sani. Gurup ɗin da ya yaɗa ƙarya sau biyu, ranar da ya yi kiran gaskiya ba mai motsi.

Ma'ajin_Fada:
Kuɗi ma haka. In za a tara, lamba ɗaya tak, ma'aji daban da admin, mutum biyu ke sa hannu kafin a fitar. Duk Juma'a a saka hoton littafi: an samu jika kaza, an sayi siminti buhu kaza, ga rasit. Kuma kowane admin ya kunna tabbaci mai hawa biyu ya sa lambar sirri. 'Yan damfara suna kira su ce an shirya taro ta intanet, ka karanto musu lambobi shida da suka shigo maka. Ka karanta, sun ƙwace layin, sun shiga roƙon kuɗi da sunanka a duk gurup ɗin da kake.

Ɗan_Bagalam:
Na gode ƙwarai. To a ce an bi duk wannan, mutane sun fito sau ɗaya. Me ke sa na biyu ya gagara?

Mai_Tsara_Taro:
Rashin rahoto. A daren ranar a saki murya: mun je mu kaza, mun ga wane ofis, an ce mana kaza, za mu koma ranar kaza. Wasiƙar a yi ta kofi biyu, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, a saka hotonta. A fara da buƙatar da za a iya samu cikin wata guda, don mutane su ga abin da fitarsu ta haifar. A kuma ba kowa ɗan aiki, wannan tabarmi, wancan shebur biyu, wancan ruwan sha. Wanda aka ce ya zo da shebur ya fi wanda aka ce ya zo kawai zuwa.

Bagobirin_Tsibiri:
Sannan a tsare gurup daga masu sayensa. An sha ganin gurup ɗin ci gaban unguwa da ake wayar gari an canza masa suna da hoto ya koma na wani mai neman kujera, don an ba admin na goro. A rubuta ƙa'ida a bayanin gurup tun ranar buɗewa, admin ya zama uku daga layi daban-daban.

Matashin_Zariya:
Har yanzu ba wanda ya ce komai kan TikTok, alhali 'yan ƙasa da shekara 25 can suke wuni. Bidiyon daƙiƙa 30 na kwatar da ta cika yana iya kai wa ga dubbai cikin dare ɗaya.

Injiniyan_Rezo:
Yana kaiwa, amma ba kai ke zaɓen waɗanda za su gani ba, manhajar ke zaɓa bisa abin da ke riƙe ido. Masu kallon na iya zama a Kano ko Agadas, ba su da shebur a unguwarku. Amfaninsa matsa lamba ga ofishin da ba ya son a gan shi a haka. In za a yi, a faɗi sunan unguwa da ranar a daƙiƙa biyar na farko, a rufe fuskokin yara da lambobin gidaje, a sa lamba ɗaya ta tuntuɓa a ƙarshe don na kusa su shigo ƙaramin gurup.

Hajiya_Mokoyo:
Lambar tuntuɓar kuma kar ta zama ta yarinya. A sa ta namiji babba ko ta shugabar ƙungiya.

'Yar_Jami'a:
Masanin_Doka, tambaya: in unguwa tana son buɗe asusu da sunanta maimakon lambar mutum ɗaya, dole sai ta yi rajistar ƙungiya? Waɗanne takardu ake kaiwa, kuma ta wane ofis ake farawa a nan Maraɗi?